Bijimin da Ya Sha Ruwa a Garin Yabawa

Habsu ba ta karanta aikin jarida ba, ba ta kuma taɓa cewa ta karanta ba. Abin da take da shi ɗan butik ne a bakin kasuwar Gure, inda take buga wa mutane takardu da fotokopi, sai kuma shafi a Fesbuk da ta raɗa wa suna “Gure Ta Gani”. A nan take zuba duk abin da ya tsaya mata a rai: tsadar hatsi, ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, da alkawuran masu neman kujera da ke narkewa da zarar an gama ƙidayar ƙuri'a. Mutum dubu huɗu da ɗoriya ke bin ta. Rabinsu don su zage ta suke bi, amma dai suna bi.

Rigimar daga Garin Yabawa ta taso, wani ƙauye a ƙasar Gidigir. An ba Alhaji Ɗan Kasuwa kwangilar haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, a can. Aka kafa rumfuna, aka kira makaɗa, aka murɗa famfo ruwa ya zubo, manya suka tafa suka shiga motocinsu. Kwana uku ruwan ya ɗauke ɗif. Da labari ya iso wa Habsu, sai ta rufe butik ta hau motar haya ta je da kanta. Matan garin suka shaida mata cewa ana gobe biki wata tanka ta zo ta ɗura ruwa a shato, babban tankin da ke bisa ƙarafa, shi ne aka sha kwana uku. Ta ɗauki hoton kwamin shayar da bisashe, a bushe ƙayau, har akuya ta samu wurin kwana a ciki. Ta dawo ta rubuta komai, da sunan ɗan kwangilar ɓaro-ɓaro.

Abu ɗaya ne Habsu ta yi kamar ta manta, alhali tana sane: butik ɗin da take ciki na Alhaji Ɗan Kasuwa ne.

Alhaji bai neme ta ba. Irinsu ba sa zama su yi ciniki da mace a kan mutuncinsu, babbanta suke kira. Ya aika aka zo masa da Kawu Illa, ƙanen mahaifiyarta, dillalin shanu, wanda shi ya roƙa mata ɗakin shekara shida da suka wuce lokacin da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu. Kawu ya fito daga gidan Alhaji, ya zarce wurinta.

“Ɗiyata, na ɗaukar wa mutumin nan alkawari,” in ji shi. “Ki goge, ki rubuta layi biyu na ban haƙuri. Ya ce in la'asar ɗin Juma'a ta yi abin yana nan, ki kwashe kayanki.”

“Kawu, ƙarya na yi?”

“Ni ban ce kin yi ƙarya ba. Cewa na yi na ba da bakina.”

“Bakinka ka bayar, Kawu. Ruwan mutanen Garin Yabawa kuwa ba naka ba ne balle ka haɗa da shi.”

Ya dube ta ya girgiza kai. Tun tana ƙarama haka take, in ta kafe sai dai a ɗauke ta cak. Ya ce zai dawo ranar Juma'a, ta yi tunanin yaranta.

Ta yi tunaninsu kuwa, fiye da yadda ya zata. Ranar Alhamis yaran Alhaji suka saki martani a shafinsu: hoton shanu jajaye sun kewaye kwami cike da ruwa, a gaba ga wani ƙaton bijimi ya tsoma baki yana sha. A ƙasa aka rubuta, “Foraj na Garin Yabawa yau da safe. Maƙaryata su ji kunya.” Kafin azahar hoton ya zagaye duk wani gurup na Watsap da ke Gure. Waɗanda jiya suke cewa “Allah ya ƙara basira, Malama Habsu” su ne yau ke tambayar nawa aka biya ta. Wata ƙawarta ma ta turo mata bokal, saƙon murya na minti shida, duk nasiha.

Habsu ta tsorata, babu amfanin ɓoyewa. Injin fotokopin nan shi ke ciyar da gidanta, kuma babu mai ɗaki a kasuwar da zai karɓi wadda Alhaji ya kora. Sau biyu ta kai yatsa kan wurin gogewa. Abin da ya hana ta shi ne ta ga kwamin da idonta, ta shafa cikinsa da hannunta, yashi ne ya biyo tafinta. Ba ta san inda suka samo shanunsu ba, amma ta san inda ta tsaya.

Da Kawu Illa ya iso da hantsin Juma'a, ya tarar ta tattara takardu cikin kwalaye, ta naɗe wayoyin injin, ta kira mai amalanke.

“Ashe haka kika zaɓa.”

“Haka na zaɓa, Kawu. Ka yafe mini, na sa ka ji kunya.” Ta miƙa masa salularta. “Ga abin da suka saka, wai ni ce maƙaryaciya.”

Kawu ba ya shiga Fesbuk, ya ce gidan surutu ne. Ya karɓa don kada ya gwale ta, ya nesanta salular daga idonsa kamar yadda tsofaffi ke yi. Sai ya tsura wa hoton ido. Ya ce ta buɗa masa hoton ya ƙara girma, wajen kunnen bijimin, sannan wajen cinya.

“Kunnen hagu tsaga biyu, ƙuna a cinya kamar sawun kaza,” ya faɗa a hankali. “Wannan shaidar garken Modu ce, na Alakos. Shanun Modu me zai kai su Gidigir?”

Ya ciro tasa salular daga aljihun gaba, tsohuwa mai fasasshen gilashi. Dillalan yanzu ba sa jan mai saye zuwa daji. Hoton dabba suke tura masa, in ta yi masa a yi ciniki. Kawu bai taɓa goge ko ɗaya ba, don ya ce hoto shi ne shaidarsa in rigima ta taso. Ya yi ta turawa da babban yatsa har ya tsaya. Ya ajiye saluloli biyun gefe da gefe a kan kwali. Hoto ɗaya ne, har da guntun igiyar da ke yashe a ƙasa.

“Ni na ɗauke shi, a rijiyar Alakos, shekara biyu ke nan. Ni na tura wa Alhaji. Ya sayi bijimin nan ya yanka a walimar dawowarsa daga Makka.” Ya ɗago ya dube ta. “Har ni an ba ni ƙafa.”

Dariya ta kuɓuce wa Habsu, irin wadda ke zuwa da ƙwalla. Kawu bai yi dariya ba. Ransa ne ya ɓaci, ɓaci na gaske. An zaunar da shi a tabarma an sa ya ba da baki a kan ɗiyar 'yar'uwarsa, sannan aka ɗauki hoton da ya fito daga hannunsa aka mai da ita maƙaryaciya a idon gari.

Ta san abin da hoton zai jawo masa. Rabin cinikin Kawu daga gidan Alhaji da abokansa yake fitowa. Ta kuma san hoton ba zai ceci butik ɗin ba, sai ma ya sa a zo da kwaɗo a rufe shi tun kafin la'asar. Ta zauna a kan kwali ta jera hotunan biyu, da kwanan watan a jiki, ta fara rubutu. Mai amalanke ya shigo ya kama injin ta gefe ɗaya, Kawu ya naɗe hannun rigarsa ya kama ɗayan, suka fitar da shi rana tsaka, 'yan kasuwa na leƙe.

Da ya dawo yana haki, ya ce ta karanta masa.

“Na samu wannan hoto daga wani dattijo da ya san bisashe, wanda ba zan ambaci...”

“Dakata. Wane ne wani dattijo?”

“Kawu, saboda cinikinka ne.”

“Shekara arba'in ina cikin kasuwar shanu, ban taɓa sayar da dabba a ɓoye ba.” Ya nuna salular da yatsa. “Goge wannan. Ki sa Illa Burahima, dillali, Gure. Ki ƙara lambata a ƙasa, wanda ke da tambaya ya kira ni.”