Numfashin Mala

Shekarar da damina ta yaudari mutane karo na biyu a jere, kowa a Unguwar Marke ya koyi kallon jikin maƙwabcinsa. Ba fuska ake dubawa ba, wuya ake dubawa da damtse. Duk wanda bai rame yadda ya kamata ba, to akwai tambaya a kansa. Samari sun watse cin rani Kano, rumbuna sun zama fanko, ɓeraye ma sun gaji da jira sun ƙaura. Dusa da garin kwaki su ne abinci, shi ma ga wanda ya samu.

Dabo yana da 'ya guda ɗaya tilo, Luba, wadda ko famfara ba ta yi ba. Da farko kukan yunwa take yi har ya hana shi zaman gida. Daga baya ta daina kukan, ta koma kwanciya a gindin turmi tana bin ƙuda da ido, kuma wannan shirun ya fi kukan tsorata shi. Matarsa Hure ta dafa duk abin da ke dafuwa a gidan. Dabo ya san idan ba a samu hatsi na gaske an dama wa yarinyar nan kunu ba, ba za ta ga damina ba.

Danga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Mala. Kakan Mala ne ya zo daga Barno, shi kuwa a nan aka binne cibiyarsa, Hausarsa ma ta fi ta Dabo daɗin ji. Amma yunwa tana da saurin tuna wa mutane asalin maƙwabci. Mala ɗan kokawa ne, kuma ko da yake ya zube kamar kowa, tafiyarsa ba ta sauya ba. Mutane suna jan ƙafa, shi yana ɗaga tasa. Ba ya haki idan ya ja guga daga rijiyar da ta yi zurfi. Wannan kaɗai ya isa laifi a wancan lokacin.

Dabo ya lura kullum da hantsi Mala yana bin bayan gari shi kaɗai. Wata safiya ya bi shi a ɓoye har busasshiyar ƙorama, ya laɓe a bayan sabara, yana sa ran ganin ƙullin abinci. Abin da ya gani daban ne. Mala ya tuɓe riga, ya buɗe ƙafafu ya ɗan durƙusa, ya dafa cikinsa. Ya ja iska ta hanci a hankali har cikin ya taso, sannan ya tsaya cak. Ya riƙe, ya riƙe, har jijiyoyin wuyansa suka miƙe, har Dabo da ke kallo ya ji nasa ƙirjin yana ƙuna. Sai ya sake ta ta baki, siririya, ba gaggawa. Ya maimaita ba iyaka. Daga nan ya rungumi wani kututture ya yi ta turawa yana fitar da numfashi da ƙarfi.

Dabo ya kasa daurewa, ya fito.

"Maƙwabci, lafiya dai? Ko aljanun ƙorama ake yi wa gaisuwa?"

Mala ya juyo bai ko razana ba. "Lafiya lau, Dabo. Gyaran numfashi ne. Babana ya koya min. A fage wanda ya fara haki shi ke shan ƙasa, ko da ya fi ka ƙarfi. Ka ja ta ta sauka ƙasan cibiya, ka riƙe, ka sake ta a hankali. Kuma tana ɗan kwantar da yunwa. Zo in nuna maka."

"Iska kake ci kenan."

"Bana me ya rage in ban da ita?"

"To wace kokawa ake yi a shekara irin wannan? Makaɗa ma sun sayar da gangunansu."

Mala ya ce wani dillalin hatsi a Minjibir ya kawo ƙato daga arewa, ya ajiye buhun dawa ga duk wanda ya kayar da shi ranar kasuwa. Shi yake yi wa shiri.

Dabo ya gyaɗa kai kamar ya yarda, ya juya gida. Amma tun kafin ya isa, kansa ya gama ɗinke labari. Shi dai ya taɓa zuwa Gashuwa sau ɗaya da ƙuruciya, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. A can ya ji cewa mutanen gabas ba sa yarda da rumbu, rami suke haƙawa su binne hatsi su rufe, ya shekara bai lalace ba. Ya kuma ji cewa iskar cikin ramin muguwa ce, takan kwantar da mutum, don haka mai shiga sai ya riƙe numfashinsa. To ga jikan mutumin gabas yana koyon riƙe numfashi kamar mai nutso, a shekarar da ko tafki babu. Ga shi kuma ba ya jan ƙafa. Me ya rage a tambaya?

Ya shiga gida ya tarar da Luba yadda ya bar ta. Ya ɗaga hannunta, ya ji ba nauyi kamar kara. Ya ajiye, ya nufi gidan mai unguwa Nababa ba tare da ya zauna ba.

Nababa dattijo ne mai son zaman lafiya, irin son da ke sa mutum ya bi duk wanda ya fi ɗaga murya. Ya ce zato zunubi ne. Dabo ya ce to a cire zaton mana, a je a duba. Kafin azahar maganar ta zagaye unguwa, kuma ta yi ƙiba a hanya. Wani ya ce ya taɓa jin ƙamshin tuwon gero daga gidan. Wata ta ce ta ga Falta, matar Mala, tana suɗe yatsa. Ramin da babu wanda ya gani har an san faɗinsa.

Da la'asar maza suka tsaya a ƙofar gidan Mala da fartanya da magirbi.

"Mala," in ji Nababa yana kallon ƙasa, "mutane suna magana. An ce kana da rami. In babu, ka bar su su duba, hankalin kowa ya kwanta."

Mala ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Akwai waɗanda suka yi masa kirari a fage, akwai waɗanda ya ɗauki gawar iyayensu. "Baba, cikin gidana za a shiga? Da iyalina a ciki?"

"A fitar da ita maƙwabta," Dabo ya ce. "In kokawa ce da gaske, me kake tsoro?"

Mala ya ja dogon numfashi irin na ƙorama, ya riƙe. Mutanen gaba suka ja baya, don sun san abin da hannuwan nan ke iya yi. Amma sai ya sake shi a hankali, ya matsa gefe. Falta ta fito a lulluɓe, ba ta kalli kowa ba.

Suka farfasa tsakar gida. Suka tone gindin rumbu, suka tone turken akuyar da aka daɗe da sayarwa. Babu komai sai jar ƙasa. Masu haƙa suka fara haki suna hararar Dabo, kunya ta fara shigowa. Shi kuwa Dabo tsoro ne ya kama shi, don in babu rami, babu abin da zai koma wa Luba da shi. Ya kutsa ɗakin Falta, abin da ko a mafarki bai dace ba, ya janye gado, ya yi ta buga daɓe da ƙotar fartanya. A kusurwa sautin ya sauya.

Ba rami ba ne. Tulu ne, wanda yaro ma zai iya ɗagawa da hannu ɗaya, an liƙe bakinsa da laka. Da aka fasa, ga gero a cikin toka, tsaba manya-manya zaɓaɓɓu.

"Kun gani!" Dabo ya yi ihu. "Na faɗa muku!"

"Iri ne," Mala ya ce daga bakin ƙofa. "Ku duba da kyau, ai ku manoma ne. Mai saurin nuna ne, zangarniya-zangarniya na zaɓe shi bara waccan. Kowa a nan ya cinye nasa, na sani. Na ce in ruwa ya sauka in ba kowane gida abin da zai rufe ko gonar bayan gida. Ni da Falta a kansa muke kwana da yunwa, ba mu taɓa ko ƙwaya ba. Don kada in buɗe shi nake neman buhun Minjibir."

Kowa ya san gaskiya ya faɗa. Toka ba a zuba ta a abin da za a ci gobe. Amma gero ya riga ya fito fili, kuma idanun da ke kallonsa sun yi watanni ba su ga irinsa ba. Mata sun cika bakin danga da ƙore a hannu. Nababa ya buɗe baki zai ce a mayar, ya dubi jama'a, sai ya ce a raba.

Dabo ya karɓi nasa a hular kansa. Hure ta wanke toka, ta surfa, ta dama kunu. Luba ta sha da ƙyar, ta yi barci, ta farka ta nemi ƙari. Suka yi ta ja mata shi kaɗan-kaɗan, su ba su ɗanɗana ba. Cikin 'yan kwanaki ta tashi zaune, har ta fara yi wa uwarta rigima. Dabo ya yi kuka a bayan ɗaki don farin ciki, kuma duk wanda ya ce masa ya yi kuskure a ranar, da sun yi dambe.

Ranar kasuwa Mala ya ɗauki walkinsa, Falta ta ɗauki kayan ɗakinta, suka bi hanyar Minjibir. Waɗanda suka je sun ce ya daɗe a tsaye har ƙaton ya fara haki, 'yan kallo suka miƙe. Amma iska ba ta zama tsoka, daga ƙarshe gwiwar Mala ta ci amanarsa, ya sha ƙasa. Dillalin ya ɗauke shi aikin lodi, suka zauna can. Gidan ya kasance a buɗe da ramukansa, babu wanda ya yi ƙarfin halin cikewa.

Gwamnati aka ce za ta kawo iri. Aka yi ta duban hanya. Hatsin kasuwa kuwa ya fi ƙarfin kowa a unguwar, kuma ba a san ko na wace ƙasa ba ne, balle a san ko zai nuna kafin ruwa ya ɗauke.

Sai ga hadari ya haɗo daga gabas wata rana da rana tsaka, baƙi ƙirin, irin wanda aka yi shekara biyu ana roƙo. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta sha har ta ƙoshi. Da ya tsagaita maza suka fito bakin gonaki suka tsaya, kowa hannunsa a baya, babu mai kallon ɗan'uwansa. Irin wannan ruwan, a shekarar arziki, kafin rana ta faɗi an rufe rabin gona.

Luba ta fito da gudu tana tsalle a cikin taɓo, ƙafafunta sirara amma suna ɗauke da ita. Ta ja sungumin babanta da ƙyar har inda yake tsaye, ta jingina masa a ƙafa.

"Baba, ga shi. Inna ta ce yau ake shuka. Ni zan riƙe ƙoƙon iri, ina yake?"