Hannun Wilkin

Ƙanena Wilkin yana da shekara goma sha uku aka yi cinikin hannunsa. Ni ce babba a gidanmu, na girme shi da shekara tara, kuma ina tsaye a ƙofar kicin ranar da Don Fermín ya zo ya zauna a kujerar roba ya faɗa wa Mama.

Don Fermín shi ke koya wa yara ƙwallon besbol, wadda ɗaya ke jefawa ɗaya ya buge da sanda, a garinmu na Consuelo. Yana da fili a bayan gonakin rake da wani dogon ɗaki mai gadaje goma sha biyu. Yakan ɗauki yaro ya ciyar da shi ya horar da shi, ranar da wani kulob na Amurka ya ɗauke shi sai ya cire kasonsa. Wilkin mai jifa ne. Tun yana ƙarami in ya jefi mangwaro ba ya kuskure, ƙwallo kuwa in ta bar hannunsa sai dai a ji ƙararta a safar mai cafewa.

"Doña Milagros, gyara zama kada ki faɗi," in ji Don Fermín. "Wani kulob zai ba Wilkin dala dubu ɗari takwas."

Mama ta goge hannunta a gaban riga. Ta ce, "Ina takardar?"

"Babu takarda. Doka ta hana kulob ya sa hannu da yaro sai ya cika sha shida. Magana ce ta baka, amma ai maganar manya ce."

Na ce, "In sun fasa fa?"

Ya dube ni yana dariya. "Eridania, ke dai riƙe keken ɗinkinki. Shekara ashirin ke nan ina wannan sana'a."

Sharaɗinsu ɗaya ne, kada wani kulob ya ƙara ganin yaron yana jifa. Don Fermín ya daina kai shi gasa, yana horar da shi a ɓoye da sassafe. Makaranta ma a watan ya bar ta, yana aji shida, don ba ta haɗuwa da horo.

Shekara uku gidanmu ya zama gidan hannun Wilkin. In an dafa kaza, cinya da ƙirji nasa ne, mu mu ci shinkafa da wake da romo. Wata rana Mama ta kama shi ya ɗauko mata tukunyar gas da hannun dama, hannun da yake jifa da shi, ta yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo. 'Yan unguwa suka sa masa suna Miloniya. Shi kuma yana jin daɗin abin, in na dawo daga masaƙa a gajiye sai ya ce, "Yaya, ki ƙara haƙuri. Ina sa hannu zan saya miki mota, in kuɗin sun yi saura in haɗa miki da miji."

"Ka fara sayen sabulu tukuna," nakan ce masa.

Ranar sha biyar ga Janairu ake sa hannu. Saura kwana takwas wakilin kulob ɗin, wani mai suna Olivo, ya zo gidanmu da kansa, Don Fermín na biye da shi kai a ƙasa. Olivo ya ƙi shan kofin da Mama ta kawo. Ya yi mana bayani a hankali kamar likita. Ya ce kowane kulob an yanka masa iyakar abin da zai kashe a shekara a kan yaran ƙasashen waje, ba ya wuce ta ko da dala ɗaya. Wani saurayi ya gudo daga Kuba, manya a can sama sun ce lallai a same shi, kuɗin bana kusan duka sun tafi kansa. Ya ƙara da cewa Wilkin bai yi tsawon da suka zata ba.

"Abin da ya rage dubu arba'in da biyar ne."

Wilkin ya ce, "Amma kun yi alkawari."

"Ɗana, ni ɗan aike ne."

Don Fermín ya yi kwana uku yana buga waya. Duk kulob ɗin da ya kira amsa ɗaya ce, kuɗinsu na bana sun riga sun yi wa wasu yaran alkawarinsu tun shekara uku baya, kuma ba wanda ya ga jifan Wilkin tun yana sha uku. In ya jira baɗi zai cika sha bakwai, a wannan kasuwa kuwa ɗan sha bakwai tsoho ne. Na je wurin wani lauya a San Pedro. Ya saurare ni har na gama, ya ce yarjejeniyar da doka ta hana tun farko, wace kotu zan kai ta.

Wilkin ya sa hannu. Aka ɗora masa hular kulob aka ɗauki hoto, ya yi murmushi saboda an ce ya yi. Ni na karanta kwantiragin daga farko har ƙarshe. Shekara bakwai yana hannunsu, ba shi da ikon komawa wani kulob ko ya nemi ƙari, su kuwa duk safiyar da suka ga dama suna iya sallamarsa. Bayan Don Fermín ya cire nasa, da abin da ya rage muka canja kwanon rufin gida, Mama ta sayi firji.

Shekara biyu ya yi a sansanin kulob ɗin nan gida, a ta uku aka kai shi Florida a Amurka. Duk Lahadi yana kira na. A nan ya gane wani abu da ba wanda ya gaya mana. Yaron da aka zuba wa miliyan, ko wata guda ya yi yana ɓata wasa haƙuri ake yi da shi, don ba mai son a ce ya yi asarar miliyan. Irin su Wilkin da aka saya da arha, wasa biyu marasa kyau sun isa a nuna musu ƙofa.

Wata Lahadi ya ce, "Yaya, gwiwar hannuna tana min zafi. Kada ki gaya wa Mama."

"Ka gaya wa likitansu."

"In na faɗa za su zaunar da ni. Akwai mutum biyar da ke jiran wurina."

Na yi masa faɗa, na roƙe shi, ya ce to. Bai faɗa ba. Ya ƙara wata biyu yana jifa a haka har jijiyar ta tsinke a tsakiyar wasa. Kulob ya yi masa aiki, wannan kam sun yi. Ya shekara yana jinya. Da ya dawo fili ƙwallonsa ta rage gudu, kuma bai yi sati shida ba aka kira shi ofis aka miƙa masa tikitin jirgi. Yana da shekara ashirin.

Ya sauka da jaka ɗaya. Mama ta dafa masa kaza, ya tura wa kowa tsoka, shi ya ci shinkafar kawai. Wata huɗu bai fita ba sai bakin ƙofa. Don Fermín ya zo sau ɗaya, ya tsaya a waje ya ce in yaron yana so zai iya zuwa ya riƙa tsince wa ƙanana ƙwallo. Wilkin bai fito ba.

Daga baya na ji ana ɗaukar masu ɗaura kaya a masaƙarmu, na lallashe shi muka tafi tare. Matar da ke ɗaukar ma'aikata ta ba shi fom. Ya daɗe yana kallonsa, yana bin layukan da yatsa. Ta ce ina takardar gama sakandare, na ce babu. Ta ce mu yi haƙuri, amma ba a ɗauka sai da ita, ko aikin shara ne.

Muna fitowa mai gadin ƙofa ya tsayar da mu. "Kai, ba kai ne Miloniya ba? Na taɓa ganin jifanka kana yaro, wallahi ban taɓa ganin irinsa ba. Tsaya mu yi hoto in nuna wa ɗana, shi ma mai jifa ne."

Ya miƙo min wayarsa. Wilkin ya tsaya kusa da shi, na ɗauka. Mai gadin ya duba ya ce a sake, a wannan karon ya ɗaga hannu kamar zai yi jifa. Wilkin ya ɗaga iya inda hannun ke kaiwa.

Ƙararrawar shiga aiki ta kaɗa. Na ciro peso hamsin na ce ya hau acaɓa ya koma gida. Ya ce in bar shi, zai taka da ƙafa, ba abin da yake sauri ya je ya yi.