Mai Karɓar Baƙi a Ofishin Alhaji Maude

Shekara bakwai ke nan ina aikin akanta a ofishin Alhaji Maude da ke Wuse, hawa na biyu, saman wani shagon sayar da tayil. Ni ke lissafa wa kamfanoni goma sha tara harajinsu. Ni ke zuwa hukumar haraji in yi ta musu da ma'aikata har su gaji su sallame ni. Alhaji nasa sa hannu ne da buga hatimi, sai shan shayi. Amma a takardun gwamnati, ni Suwaiba mai karɓar baƙi ce.

A watana na farko ne ya kira ni ya ce, "Suwaiba, ke da kika karanta haraji za ki bari a yanke miki albashi kamar baƙauya? Mu rubuta ki mai karɓar baƙi. Kaɗan ya bi ta banki, sauran in ba ki a ambulan." Wallahi daɗi na ji. Na koma gida Mararaba ina yi wa kaina kirari, wai na fara cin moriyar boko. Duk watan Janairu kuma, idan za a miƙa wa hukuma jerin ma'aikatan ofis da albashinsu, ni ke cikewa. A layin da aka ce wa ya shirya takardar, sunana ne da sa hannuna.

Bana da aka canza dokokin haraji, sai masu sana'armu suka yi tsada. Kamfanonin da jiya ba sa amsa sallamar akanta, yau nemanmu suke ruwa a jallo. Wani babban kamfani a Maitama ya kira ni intabiyu. Shugabar sashen, Hajiya Rukayyat, ta yi awa guda tana jefo min tambayoyi ina caɓewa. Daga ƙarshe ta cire tabarau ta ce, "Ina kika ɓuya duk shekarun nan? Aikin naki ne. Just ki kawo abu biyu kafin Juma'a, wasiƙar oganki cewa kin yi shekara biyar kina aikin haraji, da takardar shaidar harajinki ta shekara uku. Dole mu haɗa su mu gani, ƙa'ida ce."

Na fito ina murmushi har da gaishe da maigadi sau biyu. Sai a cunkoson Nyanya, an matse ni tsakanin ƙofar mota da wata mai buhun garin kwaki, abin ya faɗo min a rai. Takardar shaidar za ta nuna aikin da na rubuta wa kaina, da albashin da ko masinja zai raina. Ban san lokacin da muka wuce tasharmu ba.

Washegari na sami Alhaji.

"Wasiƙa?" in ji shi. "Yanzu ma kuwa. Me kike so in sa, babbar akanta? Darakta?"

"Oga, za su haɗa ta da takardar harajina."

Ya ajiye kofin shayi.

"To a gyara takardun, Oga."

"Gyara ana yi," ya ce a hankali. "Sai ki rubuta wa hukuma ki ce shekara bakwai ana kai musu bayanin ƙarya. Ni tara za su ci ni, in biya, in ci gaba da harkata. Ke fa? Abin da za su fara dubawa shi ne wa ya shirya. Wa zai ƙara ba ki amanar fayil a garin nan?"

Da a ce da mugunta ya faɗa, da na samu abin zagi na huce. Gaskiya ya faɗa, kuma har da tausayi a fuskarsa. Ya ma ce zai ƙara min wani abu a ambulan. Na so in fasa kofin nan a kansa, sai na ji bakina yana cewa na gode.

Kwana biyu ina juya dokar nan kamar waina, ni da nake samo wa 'yan kasuwa mafita a inda kowa ya ce babu. Idan na fara rubuta gaskiya daga bana, sai na jira shekara uku, kuma duk mai ido zai tambayi yadda mai karɓar baƙi ta wayi gari babbar akanta. Duk kamfanin kirki takardun nan biyu zai nema. Na ɗinke ƙaryar da kyau, ban bar ko zare ɗaya da zan ja ba. Na iya aikina, shi ne abin haushin.

Ranar Juma'a na fita baranda na kira Hajiya Rukayyat. Na ce mata oga ya ƙara min albashi, zan zauna.

"Haba Suwaiba! A wannan ɗan ofishin?" Ta yi ajiyar zuciya. "Okay. Ko kin san wani da ya ƙware, mai takardu tsaf?"

Na leƙa ta taga. Abokin aikina Hassan na zaune a teburin da ke kallon nawa, yana fama da lissafin da na nuna masa sau uku. Shekara biyar da suka wuce ni na koya masa aikin tun daga buɗe fayil. Shi kuwa, da Alhaji ya yi masa tayin ambulan, cewa ya yi tsoro yake ji, a rubuta komai yadda yake. Har dariya na yi masa ranar, na ce malam bai waye ba.

"Akwai," na ce. Na karanto mata lambarsa.

Bayan la'asar wayarsa ta yi ƙara. Ya fita, ya dawo yana rawar jiki, ya jawo kujera kusa da ni.

"Anti Suwaiba, Maitama ne fa! Litinin za su gan ni. Don Allah ki taimaka, me kike ganin za su tambaye ni?"

Na ture fayil ɗin gabana, na ce ya ɗauko biro. Na fara masa da tambayar farko.