Maki biyu ga bayanin Kawu

A ofishin nan, manhajar da ke amsa wa majiyyata saƙo Ɗan Aike ake ce mata. Shi Ɗan Aike ba ido gare shi ba. Abin da ya sani kawai shi ne ɗan bayanin da aka rubuta masa a kan kowane kayan aiki: wannan na ɗaga ranar ganin likita ne, wancan na sokewa ne. Ya karanta, ya zaɓa, ya aikata, babu tambaya. Aikin Auta shi ne ta duba waɗannan bayanai, ta gwada su, ta ba su maki daga ɗaya zuwa biyar. Marubuci ba ya sanin wanda ya duba masa, mai dubawa ma ba a faɗa mata wanda ya rubuta.

To amma wa za a ɓoye wa hannun Kawu? Ƙanin mahaifiyarta ne, shi ya kawo ta aikin, shi ya zaunar da ita gefen teburinsa wata uku yana koya mata. Duk ginin nan shi kaɗai ke fara bayani da "Ka lura," kamar yana magana da mutum. Tana buɗe na wannan safiyar ta ga kalmomin nan biyu.

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi bara, Kawu ya dawo aiki da sanda da murmushinsa, amma rubutunsa bai dawo duka ba. Sau biyu ya samu maki ƙasa da uku. Dokar wurin kuwa ba ta da kara: na uku, a sallami mutum daga sashen.

Bayanin na kayan soke zaman wankin ƙoda ne. Layi ɗaya tal: "Ka lura, ka yi amfani da wannan idan majiyyaci ba zai zo ba." Shi ke nan. Bai ce yana share duk sauran zaman watan ba. Bai ce idan an soke, gurbin ya tafi ga wani ba. Bai ce ga na ɗagawa can idan rana ɗaya ce ta gagara ba.

Ta gwada duk da haka, ko Allah zai sa. Ta rubuta kamar majiyyaciya: "Ba zan samu zuwa Talata ba, ɗana ba lafiya." Ɗan Aike, uban azarɓaɓi, ya soke zama goma sha biyu a take, har da yi mata fatan alheri. Ta sake da wasu kalmomi. Ya sake sokewa. Sau goma ta gwada, sau takwas yana aika baiwar Allah gida ba wanki.

Layi uku kacal zai gyara bayanin, kuma ta san su sarai, amma mai dubawa ba ta da ikon taɓa rubutu. Ta ɗora yatsa a kan uku. Wallahi ta ɗora. Uku na nufin ya wuce, Kawu ya tsira da kujerarsa, bayanin kuma ya tafi asibiti inda masu rubuto saƙo mutane ne na gaske. Ta ɗaga kai ta hango shi can bakin taga yana kokawa da murfin kwalbar magani da hannu ɗaya. Tausayinsa ya kama ta.

Ta danna biyu. Sannan ta rubuta dalilanta dalla-dalla, ba ta rage komai ba.

Bayan kwana biyu Manaja ya kira shi ofis. Da ya fito, ta same shi yana zuba kayan durowarsa a kwali, ga takardar sakamakon a gefe.

"Auta, zo ki karanta min wannan. Layukan haɗe min suke yi."

Ta karanta masa maganarta da bakinta. Yana saurare yana gyaɗa kai, a wani wurin har ya ce, "Af! Ka ji fa. Yaya aka yi na manta da wannan?"

"Kawu, ka yi haƙuri."

"Haƙurin me? Da ya wuce fa? Da yanzu alhakin wani na wuyana." Ya ninke takardar da ƙyar, ya sa a aljihu. "Wanda ya duba wannan ya san aikinsa. In kin gane ko wane ne a cikinku, ki ce na gode."

"To, Kawu," ta ce. "Zan faɗa masa."

Ta ɗauki kwalin, ta bi shi a hankali har bakin ƙofa.