Hannun Kawu Khiem

Tun shekaranjiya sabuwar kwamfutar take zaune a kan teburin Diep, an haɗa wayoyinta, an kunna ta, amma ko hoto ɗaya ba ta taɓa ba. Tsohuwar kwamfutar ta mutu murus ranar da ruwan kogi ya shigo lungunsu a birnin Hue, alhali da gyaran hotuna gidan yake ci. Ga sabuwa ta iso, allo fankameme, fankarta ko tari ba ta yi, sai mahaifiyar Diep ta kafa doka: sai mai ƙafar alheri ya buɗe ta, domin aikin farko shi ke ja wa na'ura sa'arta har ta tsufa. An ma zaɓi mai buɗewar, wata amarya Quynh da za ta kawo hotunan bikinta. Amarya kuwa ina ruwanta da agogo.

Diep ta zauna, ta tashi. Ta goge allon da babu ƙura a kansa. Ta kama linzamin kwamfutar, ta zagaya da kibiyar, ta saki. Ta leƙa lungu, babura na ta wucewa, babu mai tsayawa. Ayyukan mutane sun taru a leda, yatsunta har ƙaiƙayi suke yi.

"Ki zauna mana, kin sa jiri na ɗibata," in ji uwar daga bakin ƙofa, tana tsinkar ganyen miya.

"Mama, injin nan fa ba don kwalliya na saye shi ba."

"Ni ma ba don musu na haife ki ba, ga shi kina yi."

Ana haka sai ga Kawu Khiem, mai gyaran keke a ƙarshen lungu, riƙe da ambulan. Kowa ya ji cewa matarsa, Goggo Sen mai kunun wake, ta rasu da asuba. Bai shigo ba, ya san mai makoki ba ya faɗa wa shagon mutane haka kawai. Ya tsaya a rana.

"'Yar nan, hoton da za a ɗora a gaban akwatin gawarta nake so. Da yamma masu gaisuwa za su fara zuwa. Ɗayan shagon hotunan unguwar nan har yanzu laka suke kwashewa."

Uwar ta yi masa ta'aziyya da ladabi, sannan ta matso kunnen Diep. "Kul! Ba da gawa za ki buɗe ta ba."

Diep ita ma ta yarda da abin, ba wai ba ta yarda ba. A kan teburin nan za ta wuni kullum, shekara da shekaru, kuma ba ta son ta riƙa tuna da me ta fara. Amma ta hango mutane suna kunna turaren tsinke a gaban firam da babu kowa a ciki, Goggo Sen ba fuska a jana'izarta. Matar da ke ƙara mata ludayi ɗaya tun tana 'yar firamare! Ta dubi hanya ko amaryar za ta ɓullo ta raba gardama. Shiru. Ta miƙa hannu ta karɓi ambulan ɗin.

"Ruwa ya cinye sauran," in ji tsohon. "Wannan kaɗai ne a sama, jikin bango."

Ta zaro. Wani saurayi ne siriri cikin kwat ɗin aro da ta yi masa yawa, da budurwa mai doguwar riga da fure a hannu, tana danne dariya.

Uwar ta leƙo ta kan kafaɗarta, ta daɗe tana kallo. Can ta goge ido da bayan hannu.

"To, ai wannan biki ne," ta ce. "Yaya Khiem, shigo mana, ka tsaya a rana sai ka ce baƙo!"

Kafin tsohon ya gama zama, hoton ya cika allo. Diep ba ta taɓa ganin sauri irin wannan ba, ko motsi ta yi injin ya riga ya amsa. Ta share tabon danshi, ta ɗinke tsagar da ta ratsa furen, ta fito da hasken idon. Duk zumuɗin da ya hana ta zama ya kwanta. Amarya Quynh ta iso tana danna hon, uwar ta yi mata alama da ta jira, kuma ta jira.

Saura cire angon, tunda hoton mamaci shi kaɗai ake sawa. Diep ta ja layi ta yanke shi, kwat da duka, ranta ba daɗi, don mutumin yana zaune a gefenta yana kallon ana fitar da shi. Amma yatsunsa suka rage a kan kafaɗar Goggo Sen.

"Kawu, bari in goge hannun nan. Yanzun nan, ba wanda zai gane."

Ya matso da fuskarsa dab da allon, har numfashinsa ya yi masa gumi.

"Ran nan mai hoton ya ce in sauke, wai rashin kunya ne. Ita ta ce in bari. Bar mata shi, 'yar nan. Ko kasuwa ba ta son zuwa ita kaɗai."

Diep ta janye kibiyar daga kan yatsun, ta danna a buga.