Sanyin Ƙafafun Baba

"Ajiye jakar nan, Malama. Yau ba ranar fita ba ce."

Malama ta tsaya a bakin ƙofa da takardar magani a hannu, tana kallon maƙwabciyarsu mai wanki da guga, wadda ke durƙushe a ƙarshen gadon mahaifinta. Matar ta cusa hannu ƙarƙashin bargo tana shafa ƙafafun tsohon, kamar mai duba ko shanya ta bushe.

"Inna, likita ya zo da safe, ya ce jininsa ya daidaita. Magani kawai zan karɓo."

"Ya faɗi abin da na'urarsa ta nuna masa. Zo ki ji da hannunki. Sanyin ya kai gwiwa, ga numfashin yana tafiya yana tsayawa."

Malama ta ƙi matsawa. Shekara goma sha biyu tana koyar da ilimin jikin ɗan Adam a sakandare, yau matar da ko sunanta ba ta iya rubutawa ce za ta karanta mata jikin ubanta? Dama wannan hidimar ba ta kwanta mata a rai ba. Tun da ta zo jinya, mai wankin ke shige da fice: a juya Baba, a jiƙa masa leɓe da auduga, a hana shi ruwa a kofi wai zai ƙware. Kowa a gidan hayar ya san ɗakinta ɗaya ne da 'ya'ya biyar, na Baba kuwa taga biyu gare shi. Jiya ma Malama ta kama ta tana ƙare wa bangon ɗakin kallo, kamar mai kwaɗayinsa.

"Wai a ina kika koyi likitanci?"

"A ɗakina. Uwar mijina shekara huɗu, mijina shekara biyu, sai ƙanwata. Duk a hannuna suka cika."

Malama ta ja tsaki ciki-ciki, ta fice.

Tana bakin titi tana jiran mota ta tuna ta bar makullin durowa a kan tebur, kuma takardar hayar ɗakin na ciki. To, ko matar ta hana ta fita ne don ta san taurin kanta zai fitar da ita? Ta juya da sauri. A tsakar gida ta cire takalmi don kada a ji tafiyarta, ta leƙa ta gefen labule.

Makullin na nan inda ta bar shi. Mai wankin na riƙe da hannun tsohon, bakinta daf da kunnensa.

"Daure kaɗan, maƙwabci. Ba ta yi nisa ba."

Kunya ta rufe Malama, tsoro ya biyo baya. Matar ta ɗago, ba ta tambayi abin da ya dawo da ita babu takalmi ba, sai ta matsa mata wuri.

"Zauna nan, 'yata. Yi masa magana, yana ji. Kunne ne ke tafiya a ƙarshe."

"Baba, ni ce. Ga ni."

Yatsunsa suka ɗan motsa cikin nata. Numfashin ya zo, ya tsaya, ya daɗe, ya sake zuwa. Malama ta yi ta jiran na gaba, bai zo ba.

Mai wankin ta kama hannunta ta ɗora a goshinsa. "A hankali, ki shafo ƙasa."

Malama ta rufe masa ido. A waje wani ya bar famfo a buɗe, bokiti ya cika yana ta zuba.