Farar Ƙasa Babu Ƙaro

Hantsi ne, amma ranar Umdurman ta riga ta yi zafi, ko ganyen darbejiya ba ya motsi. Ni da Kawu Gwadabe muka sauke buhunan farar ƙasa daga raksha, keken haya mai ƙafa uku, a ƙofar tsohon cocin Katolika na unguwarmu. Kawu shi ne usta, wato ubangidana a sana'a, a hannunsa na koyi fenti.

Shekarar da Kudu ta ɓalle daga Sudan ce. Masu cocin sun yi ta komawa Kudu har ya zama ba mai sallar Lahadi, sai kwamitin unguwa ya karɓi ginin zai mai da shi asibitin mata masu ciki. Gini ne na jan bulo mai kauri, cikinsa da sanyi kamar bakin randa. Iyata ta ce a nan sistoci suka yi mini allurar ƙyanda.

A ciki muka tarar da Rejina, tsohuwar da take share wurin tun kafin a haife ni. Tana zaune a benci tana kallon bango. A bangon akwai zanen Nana Maryamu riƙe da jariri baƙi mai kumatu.

"Habboba, ina kwana?" na ce, don haka muke kiran kaka.

"Ɗana Tahir, ku ne masu shafewar?"

"Kwamiti ne ya ce ba a son hoton mutum a bango."

Ta gyaɗa kai. "Ka ga yaron nan? Santino ne, ɗana. Wani fadan coci Ba'italiye ne ya zana, ya ari jaririna. Wallahi bai zauna ba, sai da na dinga sa masa dabino a baki. Dubi kumatun, dabinon ne a ciki."

Kawu ya fara dariya, sai ya tuna. Duk unguwa an san sojoji sun sauke Santino daga motar haya sun kai shi yaƙi, bai dawo ba.

"Ba ni da wani hotonsa," ta ce. "Jibi zan tafi Kosti in hau jirgin ruwa zuwa Kudu. Ku bari in tafi tukuna."

Kawu ya ce, "Hadir, an gama, Mama. Bango huɗu ne, wannan zai zama na ƙarshe."

Kwana biyu muna ta aiki tana zuwa ta zauna. Ba ta sake roƙon komai ba. Ranar tafiyarta ta kawo mana shayi da zalabiya, irin fanken nan, ta ɗora tafin hannu a ƙafar jaririn, ta fita ba ta waiwayo ba.

Washegari bangon zanen kaɗai ya rage. Mu a aikinmu, in an jiƙa farar ƙasa sai a narka ƙaro a zuba, shi ne yake sa ta kama bango ta zauna. In ba ƙaro, tsumma da ruwa ma sun isa su wanke ta. Na dama bokitin, na ɗauki kwanon ƙaro, na tsaya. Sai na ajiye shi gefe.

Kawu yana kan tsani amma ya gani.

"Kai, ya zol, barci kake yi? Ina ƙaron?"

"Kawu, wannan bangon a bar shi haka."

"Ya dinga ɓata wa mata tobin da suke yafawa in sun jingina? A ce Gwadabe ya tsufa bai iya aiki ba?"

"Wata rana wani zai so ya gani," na ce. "Ko jikanta, ko wani."

"Ai ta tafi. Ba za ta taɓa sani ba."

"Na sani."

Ya sauko a hankali, ya sa yatsa a bokitin ya murza. Ya daɗe yana kallon kumatun yaron.

"Kada ka kankare, kada ka danna burushi," ya ce. "Shafa biyu, sama-sama. Zan ce wa kwamiti nan ya fi dacewa da kabad ɗin magani, ba mai jingina."

Ya ɗauki kwanon ƙaron ya mayar cikin buhu. Na fara daga sama, na bi ta kan mayafin Nana Maryamu, na bar fuskar yaron sai ƙarshe. Da ta bushe, bangon ya yi fari kamar sauran ukun. Da la'asar 'yan kwamiti suka zo suka duba, suka ce a turo kabad, muka kama musu muka tura.